Kayan sono: yadda ake girka ampili cikin rak don kada jari ya ƙone

Duk wanda ke zaune Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san cewa yau babu taron da ke yin armashi in babu sono. Ɗaurin aure, suna, walimar saukar karatu, wa'azi, kokowar gargajiya, tallar sabon kaya bakin kasuwa, duka sai an kira mai lasifika. Wannan ya sa hayar kayan sauti ta zama sana'a mai ci, kamar hayar kujeru da rumfuna. Akwai ƴan kasuwa da ke saye su ba yaro ya riƙa fita da su, akwai kuma ƙungiyoyin mata da ke fasa asusu su sayi nasu, don kuɗin haya su riƙa shiga aljihun ƙungiya. Tun 1991 da tsarin Mata Masu Dubara ya soma cikin jihar Maraɗi, mata sun saba da tara taro da sisi har ya zama jari, kuma sun san zafin kuɗin da anka tara haka.

To amma akwai kukan da muke yawan ji, mu da ke aiki gidajen rediyo, daga bakin masu wannan sana'a: an sayi ampili sabo dal, bai shekara ba ya mutu. Wani tsakiyar biki yake ɗaukewa, a bar mai kaya da kunya gaban jama'a, a kuma hana shi cikon kuɗinshi. Wani ya yi hayaƙi ya tafi da lasifika biyu. Sai a ɗora laifi ga mai sayarwa ko ga yaron da ke juya kayan. Wani lokaci da gaskiyarsu. Amma mu da muke wuni muna kwana da waɗannan na'urori, muna ganin na tasharmu suna aiki dare da rana shekara da shekaru, mun san cewa yawancin ampilin da ke mutuwa rashin mazauni ne ke kashe su: an aza su bisa tebur ko bisa tabarma, zafi da ƙura sun toshe su, kuran ba ya da tsari, an rataya musu lasifikar da ta fi ƙarfinsu. Maganin wannan shi ne a girka su cikin rak, kuma a girka su yadda ya kamata.

Mine ne ampili, mine ne rak

Muryar da ke fitowa daga mikro ƴar ƙarama ce ƙwarai, ba ta iya motsa lasifika. Tana fara shiga teburin haɗa sauti, inda ake daidaita ta da kiɗa ko karatu, sannan ta wuce ga ampili. Aikin ampili shi ne ya ɗauki kuran ya ƙara ma wannan murya ƙarfi har ta cika fili. Shi ne jakin da ke ɗauke da kayan duka, shi ya sa ya fi kowace na'ura cin wuta, ya fi su nauyi, ya fi su zafi.

Rak kuwa akwati ne na ƙarfe ko na katako mai ƙwari, wanda ke da sanduna biyu na ƙarfe a gaba masu ramuka jere, inda ake ɗaure na'urori ɗaya bisa ɗaya. Awonshi guda ne duk duniya. Faɗin fuskar na'urar inci 19 ne, wato santimeta 48 da ɗan ɗori. Kamfanin wayar tarho na Amurka, AT&T, shi ya tsayar da wannan awo wajen 1922 don kayan tarho, daga baya masu rediyo da masu sauti sunka ɗauka. Tsawo kuma ana ƙidaya shi da abin da ake ce ma U. Kowane U santimeta 4,45 ne. Yawancin ampili U 2 ne, wato kusan santimeta 9, manya kuma U 3. Amfanin wannan shi ne ampilin da anka ƙera Japan, da wanda anka ƙera Sin, da na Amurka, duk za su shiga akwati guda ba tare da an yanke komi ba.

Saboda haka in za ku sa mai walda ko kafinta ya yi muku rak a gida, abin da ake iya yi kuma ya yi kyau, to ku sayi sandunan masu ramuka na asali ku kai mashi, kada ya huda da ka. Ku kuma auna zurfin ampilin daga gaba zuwa baya, ku ƙara aƙalla santimeta 10 don wayoyi su samu wurin lanƙwasa. Rak ɗin ya kasance da murfi gaba da baya, waɗanda ake cirewa duka biyu lokacin aiki.

Kafin a miƙa kuɗi

Masu zuwa sari Sabon Gari ta Kano ko Alaba ta Legas, ko masu oda daga Dubai da Sin, sun san yadda ake rubuta lambobi manya-manya jikin kwali: wat 5000, wat 10000. Ɗan kasuwa ya san bambancin tiya cikakka da tiyar da anka bubbuge ma gindi. Haka abin yake ga wat. Lambar da ake rubuta ma PMPO talla ce kawai, ba ta auna komi. Wadda ake dubawa ita ce mai RMS, kuma a ga an rubuta kusa da ita ko ga om 8 ne ko ga om 4. Ampilin da bai faɗi wannan ba, akwai abin da yake ɓoyewa.

Akwai dubara mai sauƙi. Ku juya bayan ampilin ku duba abin da anka rubuta kusa da inda wayar kuran ke shiga, da ƙarfin fizibil ɗinshi. Na'urar da fizibil ɗinta amfiya 3 ne ga kuran 220, abin da take iya ja bai wuce wat 660 ba. Yaya za ta yi ta ba da wat 5000? Ba a ɗebo daga tulu abin da ba a zuba ba.

Ku sani kuma sunayen da sunka yi fice, irin su Crown, QSC, Yamaha da Peavey, ana kwaikwayon su, a manna tambari jikin kayan banza. Ku nemi faktir mai ɗauke da lambar na'urar, a kuma gwada ta gabanku da lasifika, a bar ta ta yi aiki kamar rabin awa.

Kada yawan wat ya ruɗe ku. In anka ninka ƙarfin ampili sau biyu, ƙarar da kunne ke ji kaɗan take ƙaruwa. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ninka ƙarfin kusan sau 10. Ke nan lasifika mai kyau da anka ɗaga bisa ƙafa, ta wuce kan mutane, ta fi amfani bisa ga ƙarin wat da za a biya da tsada.

Ampili iri biyu ne a kasuwa. Akwai na da, mai babban taransifoma ciki, wanda nauyinshi ke kai kilo 20 ko fiye. Yana da juriya, masu gyaranmu sun san shi, amma kusan rabin wutar da yake ci zafi take zama. Akwai kuma na zamani da ake ce ma aji D, marar nauyi, wani bai wuce kilo 5 ba, wanda ke juya kusan kashi 90 cikin 100 na wuta zuwa sauti. Ba ya zafi sosai, ba ya shan man gurup da yawa, sai dai gyaranshi ya fi wuya. Kafin ku zaɓa, ku tambayi mai gyaran garinku wanne yake iyawa, kuma wanne ake samun kayan gyaranshi.

Jera kaya: mai nauyi ƙasa

Duk macen da ta taɓa jera kaya cikin kwando ta san ba a sa ƙwai ƙasa a aza doya bisa. Cikin rak ma haka ne. Ampili mafi nauyi shi ke zama can ƙasa, na biyu bisanshi, sannan ƙananan na'urori marasa nauyi, irin mai gyara sauti da akwatin mikro marar waya, su hau sama. In anka juya tsarin, rak zai yi nauyin kai, ranar da ake sauke shi daga adaidaita sahu ko amalanke sai ya kife, ya fasa kaya ko ya karya ƙafar yaro.

Wurin ɗaurawa, a kwantar da rak ɗin bisa bayanshi in ƙarami ne, ko kuwa mutum biyu su kama, ɗaya na riƙe ɗaya na ɗaurewa. Fuskar ampili na da ramuka 4, to a sa bis 4, kada a sa biyu a ce ya isa. A fara da na ƙasa, a kama su duka sako-sako, sai an ga na'urar ta zauna daidai sannan a matse. A sa ƴar roba tsakanin bis da fuskar don kada ta ci fenti.

Ga inda da yawa ke sakaci: bayan ampilin. Nauyin duk yana can ciki, in fuska kaɗai anka ɗaure, to kamar an riƙe buhun gero ne da yatsu. Rak ɗin da ke zaune wuri guda, kamar na masallaci ko na tasha, yana iya jurewa. Amma wanda ke yawo bisa hanyoyinmu masu ramuka, kowane tsalle na mota yana lanƙwasa fuskar, har ta tsage, ko kuwa abubuwan da anka liƙa ciki su saki. Dole a tallafe bayan, ko da sandunan baya, ko da ƙarfe mai kusurwa da ampilin zai kwanta bisa. Wannan aikin bai wuce na ƴan mintoci wurin mai walda ba.

Rak ɗin yawo yana son ƙafafun taya masu ƙwari, biyu daga ciki masu birki, da mariƙi kowane gefe. In ampili masu nauyi sun kai 4, gara a raba su akwati biyu. Abin da mutum biyu ba su iya ɗagawa cikin sauƙi, wata rana jefar da shi za a yi.

Zafi da ƙura

Cikin watannin Afrilu da Mayu zafin garuruwanmu yana wuce digiri 40 a inuwa. Yawancin waɗannan na'urori ba don irin wannan yanayi anka auna su ba. Ku ɗauka ampili biyu irin na da suna aiki da ƙarfi, kowane na jan wat 1000. Zafin da suke fitarwa tare ya kai na dutsen guga na kuran da anka bari kunne. Yanzu ku ɗauka an rufe wannan dutsen guga cikin akwati, an aje shi cikin rana tun azahar har la'asar.

Yawancin manyan ampili suna da fanka ciki. Wasu suna shan iska ta gaba su fitar ta baya, wasu kuma suna sha ta baya su fitar ta gaba. Ku kunna kowane, ku kara ƴar takarda ga ramukan iska: in ta manne, nan yake sha, in ta tashi, nan yake fitarwa. Abin da ake so shi ne duk ampilin da ke rak guda su fuskanci hanya guda. In ɗaya na fitar da iska mai zafi inda ɗayan ke sha, to ɗaya na shaƙar numfashin ɗan'uwanshi ne, kuma shi zai fara mutuwa.

Masu fanka da ke tafiya hanya guda ana iya jera su manne da juna. In akwai gurbin da babu komi, a rufe shi da faranti ta gaba, don kada iska mai zafi ta zagayo ta koma ciki. Amma ampilin da ba ya da fanka, wanda ke huce zafi ta haƙarƙarin ƙarfe da ramukan sama, shi kam a bar mashi U 1 ko fiye a samanshi. Lokacin aiki a cire murfin gaba da na baya, a janye rak ɗin daga bango kamar kamu biyu, a sa shi inuwa. Kada a yafa mashi zane ko darduma don ado ko don kare rana, kada a aza mashi jakar wayoyi a baki. In rumfar ta yi zafi, fanka ta tsaye da ke hura ma gefen da yake shan iska tana taimakawa ƙwarai.

In zafi ya wuce, sai hunturu ya zo da ƙura. Ƙura na shiga ta kwanta bisa ƙarfen da ke huce zafi kamar bargo, ta kuma daskare fanka. Ampili da yawa suna da ɗan soso a bakin iska. A cire shi a kakkaɓe bayan kowace fita, a wanke shi lokaci-lokaci, a bari ya bushe sarai kafin a maida. Sau ɗaya ko biyu a shekara, musamman bayan hunturu kafin bazara, a kai ma mai gyara ya buɗe ya hure cikin. Kada yaro ya buɗe da kanshi, don akwai abubuwa ciki da ke riƙe wuta ko bayan an cire waya. Kuma kada a aje rak a ƙasa tsirara inda ake rawa. A ɗora shi bisa katako ko benci mai ƙwari, don ƙurar da ƙafafu ke tayarwa ƙasa-ƙasa take bi.

Kuran, gurup da wayar ƙasa

Kuran da NIGELEC ke rabawa bolt 220 ne. Har zuwa 2023, babban kaso na wutar ƙasarmu daga Najeriya yake shigowa, na Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa. Kowa ya tuna yadda anka yanke shi cikin Agustan 2023, sai cikin 2024 ya dawo bayan CEDEAO ta ɗage takunkumi. Watannin nan sun koya ma masu sono cewa gurup ba abin ado ba ne, kuma wanda bai iya aiki da shi ba zai yi asara.

Lokacin zafi, sa'ad da kowa ya kunna fanka da firji, wuta kan yi ƙasa cikin unguwanni, in ta ɗauke kuma ta dawo, wani lokaci da ƙarfi take dawowa. Don haka regilatar na cikin kayan aiki. Amma a sayi wanda ya fi ƙarfin kayan. A tara abin da kowace na'ura ke ja, kamar yadda anka rubuta a bayanta, a ƙara kamar rabin wannan jimilla a sama. Ƙaramin regilatar na talabijin in anka jona mashi manyan ampili, shi ne zai fara ƙonewa.

Haka lissafin gurup yake. Ƙaramin nan da ake ɗauka da hannu guda, wanda bai kai wat 1000 ba, yana iya riƙe ƙaramin ampili da amsa-kuwwa biyu don talla, amma ba ya riƙe sonon biki. A tada gurup, a bari muryarshi ta daidaita, sannan a jona kaya. A riƙa duba mai, don sa'ad da mai ke ƙarewa injin na sama yana ƙasa, wutar ma haka, kuma nan ne na'urori ke lalacewa. A kashe ampili kafin a kashe gurup. Kada a haɗa sono layi guda da firjin ƙanƙara ko injin walda. A aje gurup nesa, inda hayaƙinshi ba ya shiga rumfa, kuma kada a zuba mashi mai yana aiki.

Maganar waya kuwa magana ce ta rai da dukiya. Ramin jona kuran mai kyau na amfiya 16 yana ɗaukar wat 3500 ko kusa da haka, in wayar da ke bayanshi mai kauri ce, ta milimeta 2,5. Ƴar ralanj ɗin nan mai araha, mai waya siririya kamar tsinken tsintsiya, ba ta ɗaukar ko rabin wannan. Tana yin zafi, roba ta narke, wuta ta tashi. In wayar a naɗe take bisa gangarta, a warware ta duka kafin aiki, don naɗaɗɗiyar waya zafi take tarawa. Ƴan kasuwa ba su bukatar a faɗa musu abin da gobara ke yi. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai 1987 anka sake buɗe ta, ta kuma sake ƙonewa a 2009. Ƙaramar kasuwar Yamai ta ƙone a 2012. Ba sono ne muke ɗora ma laifin waɗannan ba, amma duk mai jan waya tsakanin rumfunan zana da buhunan kaya ya tuna da su.

Cikin rak ɗin kanshi, a ɗaura mararrabar wuta guda mai kyau, mai dijontar, duk na'urori su sha daga gare ta, waya guda mai kauri ta fita waje. Wayoyin kuran su bi gefe guda, wayoyin sauti su bi ɗaya gefen, kowane a ɗaure shi, don in sunka cakuɗe sai a riƙa jin gurnani cikin lasifika.

Wannan gurnani shi ke sa wasu yara su yanke wayar ƙasa, wato waya ta uku, mai launin kore da rawaya, wai don sauti ya yi tsabta. Wannan ganganci ne. Ita ce ke kwashe wuta ta kai ƙasa in wani abu ya lalace ciki. In babu ita, wutar na bin jikin rak, ta bi waya har mikro, ta jira leɓen liman ko na mai waƙa ko hannun uwar biki. Maganin gurnani shi ne wayoyin sauti masu kyau, masu baki uku da ake ce ma XLR, da kuma jona tebur da ampili ga mararraba guda. Inda za a girka sono na dindindin, mai aikin kuran ya kafa sandar ƙasa ta tagulla, ya sa dijontar mai kare mutum, na miliamfiya 30.

Lasifika nawa ampili ke ɗauka

Kowace lasifika na da lamba a bayanta da ake ce ma om, yawanci 8. Ampili kuma an rubuta mashi mafi ƙarancin om da kowace ƙofarshi ke jurewa, yawanci 4. Lissafin a juye yake: yawan lasifika, raguwar om, ƙaruwar nauyi. Lasifika biyu masu om 8 in anka jona su ƙofa guda sun zama om 4, wannan daidai ne. In anka sa 4 sun zama om 2, to an wuce iyakar yawancin ampili. Zai yi ƙara na ɗan lokaci, mai biki ya ji daɗi, sannan ya yi zafi ya ɗauke, ko ya ƙone. Jakin da ke ɗaukar buhu biyu in anka aza mashi huɗu zai taka, amma ba zai kai kasuwa ba. Akwai kuma maɓalli a baya da ke haɗe ƙofofin biyu su zama guda don ƙarin ƙarfi. In anka yi haka, ampilin da ke jure om 4 ya koma ba ya jure ƙasa da 8. Wanda bai san aikinshi ba kada ya taɓa shi.

Wayar lasifika ta zama ta tagulla ta gaske, mai kauri, kuma gajera iyakar iko. Akwai wadda ake sayarwa da araha, alminiyon ce anka shafa ma ruwan tagulla, in kunka kankare za ku ga fari. Gara a yi amfani da bakin nan mai murɗawa ya kulle, Speakon, bisa ga waya tsirara da ake cusawa, don silin waya guda in ya taɓa ɗan'uwanshi ya isa ya kashe ampili.

Masallatai, tashoshin mota da kasuwanni, inda ake son amsa-kuwwa da yawa nesa da juna, tsarinsu daban ne. Ana amfani da ampili mai layin bolt 100, irin waɗanda kamfanin TOA na Japan da Ahuja na Indiya sunka shahara da su, kowace amsa-kuwwa da ɗan taransifomanta. Nan ba a lissafin om, wat ake tarawa, a bar ma ampilin sarari kamar kashi 20 cikin 100. Ampili mai wat 240 yana ɗaukar amsa-kuwwa 6 masu wat 30, jimilla 180, cikin kwanciyar hankali, kuma waya na iya yin nisa ba tare da murya ta raunana ba. Kwamitin kasuwa ko na masallaci da zai sayi kaya ya tambayi wannan tun farko.

Kunnawa, kashewa da jar fitila

Ƙa'ida guda ce, kuma kowane ɗan koyo a tasha ita ake fara koya mashi: ampili shi ne na ƙarshe wurin kunnawa, shi ne na farko wurin kashewa. In yana kunne anka kunna tebur ko anka cire mikro, wannan ƙarar "ɗum" da ake ji tana iya fasa lasifika. Kafin a kunna, a maida maɓallan ƙara ƙasa, sannan a riƙa ɗagawa sannu. In ampili sun fi ɗaya, a kunna su ɗaya bayan ɗaya. In wuta ta ɗauke tsakiyar taro, a yi maza a kashe su kafin ta dawo. Bayan an tashi, a rage ƙara a bar fanka ta ɗan huce su kafin a kashe a rufe murfi.

A fuskar ampili akwai fitilu. Kore lafiya ke nan. Ja in tana ƙiftawa jefi-jefi, an kai iyaka. In ta tsaya ja, ampilin ya ƙure, murya ta soma tsagewa, kuma wannan tsagaggen sauti shi ke ƙone ƙananan lasifikan da ke fitar da siririyar murya. Ko wadda ba ta yi lakwal ba tana iya tsayawa gaban rak ta ga wannan, ta ce ma yaro ya rage.

Ragewar ma alheri ce ga jama'a. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fitar da ƙa'ida a 2022 cewa wuraren taro kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100, ta kuma ce matasa sama da biliyan 1 ke cikin haɗarin rasa ji saboda yawan ƙara. Mata masu goyo su nisanci bakin lasifika, kuma in mutum sai ya yi ihu kafin na kusa da shi ya ji, to ƙarar ta yi yawa.

Abin da ya rage ga mai jari

Alhaji ko Hajiya, ko shugabar ƙungiya, ba sai kun zama masu gyara ba kafin ku tsare dukiyarku. Ranar da kuke lissafin saye, ku sa kuɗin rak, regilatar, mararrabar wuta da wayoyi masu kyau cikin jimilla tun farko. In kuɗin ba su isa ba, gara a sayi ampili guda da mazauninshi bisa ga biyu da za a aza bisa tabarma. Girkawar farko ku biya wanda ya iya, ku tambayi masu aikin na'urori na gidan rediyon garinku ko mai gyaran da anka yarda da shi, ku sa yaronku ya tsaya ya gani. A sa ma kowace waya alama ko launi, a manna takarda cikin murfin rak mai nuna wace waya ke shiga ina, da yawan lasifikar da kowace ƙofa ke ɗauka.

Ku yi sharaɗi da yaron da ke fita da kaya, ku kuma faɗa ma mai haya tun wurin ciniki: ba a ƙara lasifikar aro, ba a jona cajin salula ko firji ga layin sono, ba a aje rak cikin rana, ba a aza kofin shayi ko ledar ruwa bisanshi. In hadari ya taso, a kashe a cire waya. Kaya in sun dawo, ku duba soso, ku taɓa bis ku ji ko sun saki, ku shinshina ko akwai warin ƙuna. Daga kowace haya ku ware wani abu cikin asusun gyara, kamar yadda mai mota ke ware na taya.

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Kuɗin rak da waya mai kyau ƙalilan ne in anka gwada su da kuɗin sabon ampili, balle da kunyar biki da ya mutu ko rumfar maƙwabci da ta kama wuta. Allah shi ba da kasuwa mai albarka, shi tsare mana dukiya da rayuka.